Zarata, Jiga-jigai, Shafaffu da Mai: Sunayen da Hausa Ke Ba Na Sama

Wani mai fassarar labarai ne ya fara aiko da tambaya. Ya ce: "Allah ya gafarta malam, a wajen aiki muna yawan cin karo da wata kalmar Turanci guda ɗaya, wato elite, da ake kiran 'yan tsirarun da suka fi kowa a cikin jama'a da ita, sojoji ne ko 'yan siyasa ko masu kuɗi. Ni dai zaɓaɓɓu nake sakawa a ko'ina. Na yi daidai?"

Ta fuskar asali ba ka ɓace hanya ba, malam. Kalmar da kake nufi ta shiga Turanci ne daga Faransanci, tushenta kuma wani aikatau ne na Latin mai ma'anar zaɓa. Larabci ma ta wannan ƙofa yake bi, shi ya sa sunayen Mustafa da Mukhtar duk ma'anarsu zaɓaɓɓe. Sai dai a Hausar yau siyasa ta riga ta cinye wannan kalma. Da ka ce "zaɓaɓɓun ƙasar nan", mai sauraron rediyo zai ɗauka waɗanda aka jefa wa ƙuri'a kake nufi, domin kunnensa ya saba da zaɓaɓɓen shugaban ƙasa da zaɓaɓɓun 'yan majalisa. Alhali da yawa daga cikin mutanen da kake son ambata ba wanda ya taɓa zaɓensu ko a shugabancin unguwa.

Hausa ba ta da buhu guda da take zuba waɗannan mutane. Kafin ta ba mutum suna sai ta tambaya: da me ya fi? Da ƙarfin zuciya ne, da iya aiki, da dukiya, da iko, ko da gata? Kowace amsa da kalmarta, kuma kowace kalma tana tafe da yabo ko habaici a cikinta. Aikin mai fassara shi ne ya yi wa kansa wannan tambaya kafin ya ɗora alƙalami.

A kan soja, kalmar da ta zauna daram ita ce zarata: zaratan sojoji, zaratan mayaƙa. Kusan kullum a jam'i take zuwa, kuma tana ɗauke da hoton ƙuruciya da ƙarfin jiki, shi ya sa ake cewa zaratan samari da zaratan 'yan wasa, amma ba a cewa zaratan dattawa. In rundunar ta masu kutsawa bayan abokan gaba ce, ana ce musu sojojin ƙundumbala. Kada a ruɗe da dakaru. A tsarin yaƙin da, dakare shi ne mayaƙin ƙasa, wanda ba ya bisa doki, na gaba da shi a daraja kuwa su ne barade, da 'yan lifidi da 'yan sulke masu kayan kariya. Yanzu dakaru ta zama sunan sojoji baki ɗaya, don haka ita kaɗai ba ta nuna fifiko, sai an ce zaratan dakaru ko dakaru na musamman.

A kan siyasa da mulki, kalmomi uku ne ke aiki, kuma ba ɗaya suke ba. Jigo asalinsa abin ban ruwa ne a lambu: doguwar sanda a kan madogara, gefe guda da nauyi, gefe guda da abin ɗiban ruwa. Duk aikin a kansa yake juyawa. Shi ya sa manazarta adabi suka ari kalmar don saƙon da waƙa ko labari ya ginu a kansa, 'yan siyasa kuma suka are ta don mutumin da tafiya ta jingina da shi. Jigon jam'iyya na iya zama ba shi da muƙami ko ɗaya, jiga-jigai su ne manyan da in sun fice sai an ji a jika. Ƙusa kuwa mai riƙe katako ce, saboda haka ƙusoshin gwamnati su ne na ciki, masu riƙe da ofisoshi. Tsohon gwamna da ke gida jigo ne, amma ya daina zama ƙusa tun ranar da ya sauka. Ta uku ita ce masu faɗa a ji, kuma a ganina ita ce ta fi kusa da abin da mai tambaya ke nema a yawancin labaran siyasa, domin ba ta damu da muƙami ko jini ba, abin da ta duba kawai shi ne maganar wa ke aiki. A fadar Kano ta da, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sarautun bayin sarki ne, ba su cikin masu gadon sarauta, ba su kuma cikin masu zaɓen sarki irin su Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, amma ba mai musun cewa masu faɗa a ji ne.

Kuskuren da ya yi yawa a nan shi ne saka masu ruwa da tsaki a gurbin masu faɗa a ji. Wanda ya yi ruwa ya yi tsaki a magana shi ne wanda ya shiga cikinta dumu-dumu, abin ya shafe shi. Direban mota da mai tura baro duk masu ruwa da tsaki ne a maganar gyaran tasha, amma ba lalle su iya faɗa a ji ba.

A kan dukiya, akwai hamshaƙin attajiri, jam'i hamshaƙai, sai kuma kalmomin sakayawa: masu hannu da shuni, masu ido da kwalli, masu ƙumbar susa. Shuni abin rini ne, kuma duk wanda ya san kore ko rawani ɗan Kura da aka buga ya yi ƙyalli ya san yadda yake barin launi a hannun mai sa shi. Talaka ba ya ɗaura irin wannan, don haka shuɗin hannu ya zama shaidar wadata. Ƙumba kuwa farce ce, mai ita shi ke iya sosa inda ke masa ƙaiƙayi.

Tambaya ta biyu daga wata ɗalibar kwalejin ilimi take: "Malam, fitaccu ake rubutawa ko fitattu? Ina ganin duka biyun."

Fitattu ne, 'yata. Dokar kuwa mai sauƙi ce, kuma in kin riƙe ta za ta warware miki kalmomi da dama. Ana ɗaukar saiwar aikatau, a ƙara wasalin a, a ninka baƙin ƙarshe na saiwar, sannan a rufe da e ga namiji, iya ga mace, u ga jam'i. Daga zaɓa sai a sami zaɓaɓɓe, zaɓaɓɓiya, zaɓaɓɓu. Daga goge a sami gogagge, gogaggiya, gogaggu. Daga ƙware a sami ƙwararre, daga sani a sami sananne. To amma baƙin t yana rikiɗa ya koma c idan e ko i suka biyo shi, kamar yadda mota ke zama motoci, sata ke zama sace. Shi ya sa fita ke ba da fitacce da fitacciya. A jam'i kuwa u ne ke biye, babu dalilin rikiɗa, sai t ta dawo gidanta: fitattu. Haka gawurtacce da gawurtattu, amintacce da amintattu, tatacce da tatattu. Baƙin s ma haka yake yi, yana komawa sh: kasasshe amma kasassu. Aikatau fi ba shi da baƙin ƙarshe da za a ninka, sai aka cike gurbin da y, aka sami fiyayye, kalmar da Musulmin Bahaushe ya kusan keɓe ta ga Manzon Allah (SAW) a cikin Fiyayyen Halitta. Ga sauran mutane an fi cewa mafifici, jam'i mafifita.

Ki kuma lura da mahaɗi: fitaccen malami, fitacciyar malama, fitattun malamai. Masu rubuta "fitaccen mawaƙiya" suna ɗaura wa mace rawani ne. Sannan ƙugiyar baƙi ba ado ba ce. Zaɓi daban, zabi jam'in zabo daban. Wanda ya rubuta "wani kusa a gwamnati" ya bar mai karatu yana tambayar kusa da me.

Na uku ya tambayi bambancin zakara da gwarzo da gwani, ya kuma ce ya ji wani yana cewa zakaran gwajin dafi ba yabo ba ne.

Zakara sai da gasa. An kara, an fitar da wanda ya yi nasara, shi ne zakara, kamar yadda zakara ɗaya ke mallake tsakar gida bayan ya kori sauran. Daga nan aka sami gasar zakarun Turai, wadda Real Madrid ta ɗauka karo na 15 a 2024. Gwarzo kuwa hali ne kafin ya zama lambar yabo: mai juriya, wanda ba ya ja da baya. Idan aka ce gwarzon shekara, ba wai ya doke wani a fili ba ne, an duba aikinsa ne aka ɗaga shi. Nwankwo Kanu ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1996 da 1999, amma zakaru su ne 'yan wasan Nijeriya da suka ci zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996. Macen gwarzo gwarzuwa ce, jam'i gwaraza ko gwarzaye. Zakara ba shi da mace a wannan ma'ana, kuma kada Allah ya sa wani ya ce wa wadda ta zo ta ɗaya kaza. Sai a ce ta zama zakara, ko ta ciri tuta, ko ta yi zarra. In a fagen da maza suka cika ne ta yi ficen, Hausa na da magana mai kyau dominta: kallabi tsakanin rawuna.

Gwani ya fi su zurfi, kuma a nan ya kamata a ɗan zauna. A maganar yau da kullum gwani shi ne wanda ya iya abu: gwanin ɗinki, gwanar girki, har da gwanin surutu. Amma a tsangaya matsayi ne da ake hawa bisa tsani. Yaro ƙarami kolo ne, ya tasa ya zama titibiri, ya girma ya zama gardi. Wanda ya haddace Alƙur'ani har ya rubuta shi da ka, alaramma ne. Gwani yana sama da nan: ba hadda kawai ba, ya san ayoyi masu kama da juna da inda kowace take, ya san sau nawa kalma kaza ta zo da wane wasali, ana karatu a gabansa ya tsayar da mai karatu a kan harafi guda. Kuma ba mutum ke kiran kansa gwani ba, sai gwanaye sun zauna da shi sun gwada shi sun sallama. A Barno Goni ake cewa. Sama da shi kuma akwai wanda kirarinsa ya isa bayani, gangaran ka fi gwani. Saboda haka mai gabatar da baƙo a taro ya yi hattara: kiran duk wani mahaddaci gwani a gaban mutanen tsangaya kamar kiran duk mai digiri farfesa ne a gaban malaman jami'a.

Irin wannan tsani yana nan a sana'o'i, sai dai can da sarauta ake auna shi. Sarkin Fawa, Sarkin Maƙera, Sarkin Aska, Sarkin Ruwa. Sarkin Noma a al'adar da ba da baki ake samunsa ba, sai manomi ya tara dami dubu an gani. Ko goro ma ba a bar shi a cakuɗe ba, fatake sun ware goriya da marsa, manyan da ake kai wa manya, daga minu, ƙananan da ake sayarwa da araha.

Game da zakaran gwajin dafi, wanda ya gaya maka hakan yana da hujja. Maharba da mayaƙa kan dafa dafin kibiya, galibi da ƙwayar tsiron kwankwani, kuma kafin a shafa wa kibau a fita da su sai an tabbatar ya yi. Zakara ake samu a gwada a kansa. In ya faɗi nan take, dafi ya nuna. Ka ga ke nan zakaran nan ba cin gasa ya yi ba, shi aka fara sadaukarwa. Ma'anar farko ita ce wanda aka fara gwada abu mai haɗari a kansa, kuma har yanzu daidai ne a ce jihar kaza ce zakaran gwajin dafin sabon tsarin. Amma da yake kalmar zakara ita kaɗai ta riga ta zama ta yabo, sai jama'a suka ja duka maganar zuwa can, yau ana cewa wane ya zama zakaran gwajin dafi ana nufin ya kere tsara. Ba na cikin masu cewa wannan kuskure ne da za a yi wa mutum bulala a kai, domin ma'ana ta mutane ce, inda suka kai ta nan take zama. Abin da nake ba marubuci shawara shi ne ya tabbata jimlarsa ta nuna wacce yake nufi. In kuma yabo tsantsa yake so ba tare da wani ya yi murmushi a bayan zaure ba, ga gagara-gasa, ga ya yi musu fintinkau, ga ɗaya tamkar da dubu.

Wani kuma ya ce ya rubuta "ƙasurgumin malami" a takardar gayyatar walima, dattawa suka ce a sake bugawa. Yana so ya san laifinsa.

Dattawan sun yi maka gata. Akwai rukunin kalmomi masu nuna wanda ya kai ƙarshe a abu, amma zama da miyagun sunaye ya shafa musu wari. Ƙasurgumi ya daɗe yana rakiyar ɓarawo da ɗan fashi, har kunne ya saba jiran mugun suna a bayansa. Riƙaƙƙe, daga riƙa, wato girma ya kai maƙura, shi ma yanzu riƙaƙƙen ɗan daba aka fi ji. Tantiri bai taɓa zama yabo ba. Gawurtacce da gagga suna cin tudu biyu: gawurtaccen manomi da gawurtaccen ɓarawo duk Hausa ne, haka gaggan malamai da gaggan 'yan fashi. Shahararre da mashahuri kuwa labarin suna kawai suke bayarwa, ba su ce mutum nagari ne ba, ba su ce mugu ne ba. Fitacce ya fi su karkata ga yabo. Hanyar gwaji ita ce ka ɗauki kalmar ka rufe ido ka ji wane suna ne ya fara zuwa bayanta. In ɓarawo ne ya riga kowa isowa, kada ka kai ta gidan malam. Ga malami akwai shehin malami, babban malami, bajimin malami, mashahurin malami. Ko ɗaya ba za ta sa a sake buga kati ba.

Tambaya ta ƙarshe ta wata malamar makaranta ce: "Shin shafaffu da mai da manya duk ɗaya ne? Kuma 'yan boko zagi ne?"

Ba ɗaya ba ne, malama. Manya kalma ce mai nauyi biyu, girma da ɗaukar kaya, shi ya sa aka ce babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa nan zai zuba. Manyan gari ana sa ran su kashe wuta in ta tashi. Shafaffu da mai kuwa ba a faɗinta sai da ɗan ɗaci a baki. Waɗanda doka ke rusunawa in ta zo kansu ke nan, waɗanda ake kira a ba su aiki tun kafin a buga tallarsa. Ba ta ce sun iya komai ba, cewa ta yi an fifita su. 'Yan'uwanta su ne 'yan lele, 'yan gata, 'yan gaban goshi, da 'yan mowa, wadda aka ɗauko daga gidan mai mata fiye da ɗaya, inda mowa ce ta gaban goshin miji, bora kuwa wadda aka juya wa baya. Mai rubuta labari ya sani cewa da ya sa ɗaya daga cikin waɗannan ya riga ya ɗauki ɓangare. In rahoto yake yi ba sharhi ba, manyan ƙasa ko masu faɗa a ji ta fi masa lafiya.

Kishiyoyinsu ma ba nauyinsu ɗaya ba. Gama-gari ba ta da zafi. Ya-ku-bayi tana da tausayi a ciki. Talakawa kuwa asalinta ba rashin kuɗi take nufi ba, waɗanda ake mulka take nufi, kishiyar sarakuna, ta yadda attajiri ma talakan sarki ne. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, ita ta mai da wannan kalma tutar siyasa, kuma tun daga lokacin duk wanda ya haɗa talakawa da sarakuna a jimla guda ana jin amon wancan zamani.

'Yan boko kuwa ya danganta da bakin da ta fito. Masanin harshe Paul Newman ya nuna a 2013 cewa boko ba daga kalmar Turanci ta littafi, wato book, ta samo asali ba, kamar yadda aka daɗe ana faɗa. Tsohuwar kalmar Hausa ce mai ma'anar abin da ba na gaske ba, irin amaryar boko da ake fitowa da ita don a ɓad da sawun ta gaskiya. Da wannan ido mutane suka fara kallon karatun da Turawa suka kawo. Yau ilimin boko suna ne kawai, ba wanda ke jin zagi a ciki. Amma in dattijo ya girgiza kai ya ce "ai ka san halin 'yan boko", tsohuwar ma'anar ce ta leƙo: mutanen da suka yi karatu suka yi nisa da jama'arsu. Wanda ke son ambaton masu ilimin zamani ba tare da wannan inuwa ba sai ya ce masana ko masu ilimi.

Kin kuma nemi karin magana da za ki ba ɗalibai a kan wannan batu. Na yabo kaɗan ne, mafi shahara shi ne yabon gwani ya zama dole, sai zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Na ja wa na sama kunne su suka fi yawa. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. In ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. Giwa a garin wani zomo ce. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ga babban da alherinsa ke tsallake na kusa da shi, inuwar giginya, na nesa ka sha. Ga wanda ake amfana da shi ana shan wuya, inuwar bagaruwa, ga sanyi ga ƙaya. Ga wanda aka ɗaga sannan aka gane an yi kuskure kuwa, an yi zaɓen tumun dare. Tumu shi ne sabon kan gero da ake gasawa a ci, wanda kuwa ya shiga gona cikin duhu ya karyo, sai ya zo gaban wuta yake ganin abin da ya ɗauko.